Fim ɗin da Halliru Bai Tsaya Ya Ga Ƙarshensa Ba

A Babura idan ka ce Halliru kawai, sai a tambaye ka wanne. Amma idan ka ce Halliru Kaboyi, ko mai sayar da rake a bakin tasha zai nuna maka gidansa. Dogo ne siriri, ya ɗan rankwafa irin na wanda ya daɗe a kan sitiyari. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jan tirelar shanu daga kara zuwa Kudu, kafin ciwon baya ya sauke shi daga mota.

Ba a garin aka haife shi ba. A wata ruga ta wajen Roni ya tashi, cikin shanun mahaifinsa, kuma Fulatanci ya fara ji kafin Hausa. Yana da shekara goma sha tara ya raka kawunsa Kano sayar da bijimai. Ciniki ya ƙi faɗawa da wuri, suka yi kwana uku a birni, wani dillali ya ja shi gidan silima don ya rage zaman banza. A nan ya fara ganin Turawa da faffaɗan huluna a kan dawakai, suna kora garke mai yawan da bai taɓa gani ba. Sauran 'yan kallo harbi suke jira. Shi kuwa shanun yake kallo. Da garken ya iso bakin kogi, saniyar da ke gaba ta toge, mahayan suka hau matsa mata, sai Halliru ya manta inda yake, ya miƙe tsaye ya ɗaga murya da Fulatanci yana cewa su ƙyale ta ta shinshina ruwan tukuna. Gidan silima ya kwashe da dariya. Ya zauna cike da kunya, amma daga ranar fim ɗin kaboyi ya shiga ransa, bai ƙara fita ba.

Matsalarsa ɗaya ce, ba ya jin Turanci. Wanda ya iya na hanya ne, na tasha da na shingen 'yan sanda, kuma wannan ba ya kai mutum ko'ina a cikin fim. Shekaru ya yi yana kallon bakin mutane yana motsi, yana cike sauran da kansa.

Bayan ya zama direba ya yi aure ya zauna a Babura, wata rana ya dawo daga Legas da kaset ɗin kaboyi, alhali ko bidiyon da zai saka shi ba shi da shi. Aka ce masa ai Malam Daudu na makarantar firamare yana da bidiyo da ɗan janareta. Malam Daudu gajere ne mai ƙiba, mai yawan dariya, Turanci yake koyarwa, kuma yana noma gonar gado a hanyar Kanya Babba. Halliru ya yi masa sallama ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kaset a aljihun babbar riga, yana ta kame-kame.

Malam Daudu ya karɓi kaset ɗin ya juya shi ya ce, "To Direba, ni kuma me zan samu?"

"Kallo mana, Malam."

"Ka biya ni da kyau. Shigo."

A zauren suka zauna. Da aka fara magana a fim ɗin, Malam Daudu ya lura baƙonsa ya yi zuru, sai ya fara fassara masa ba tare da an roƙe shi ba. Ba fassara kawai yake yi ba, har murya yake canzawa, kuma yakan raɗa wa mutanen fim sunaye: wannan Baƙin Gemu, wancan Mai Tsinken Sakace, matar mai otal kuma Hajiya Babba. Halliru ya ga ashe shekara da shekaru rabin fim yake kallo.

Shi ma bai zo hannu rabbana ba. Ana cikin tafiya sai ya ce, "Malam, tsayar. Ka ga dokin can? Ƙafarsa ta baya ta hagu tana ciwo, ba zai kai inda suke cewa ba." Ko ya ce, "Wannan da yake fankama da igiya bai taɓa tatsar saniya ba, dubi inda ya tsaya, shuri zai sha." Malam Daudu ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai bai taɓa sanin ana kallon fim ta ƙafar doki ba.

Haka Juma'a ta zama tasu. Duk ranar da Halliru yake gari, daga masallaci sai zauren Malam Daudu, har zuwa kiran la'asar, su yi salla su dawo su ƙarasa. Mairo, matar Malam, ta aiko musu da fura da nono, wani lokaci da dafaffiyar gyaɗa. Idan tafiya ta riƙe Halliru a Kudu, Malam Daudu ba ya kunna komai, sai ya dawo. Kaset ya wuce, faifan sidi ya zo. 'Ya'yansu suka tashi suna kiran kowannensu Baba. Shekara ashirin da huɗu suka yi a haka.

A ƙarshe tsofaffin fina-finan suka ƙare musu. Akwai wanda suka kalla har sau bakwai, Halliru yana riga Malam faɗin abin da Baƙin Gemu zai ce. Wata rana Malam Daudu ya ce, "Shin Turawan nan sun daina yin kaboyi ne, ko mu ne labari bai iso mana ba?" Ya ce zai sa ɗansa da ke karatu a Kano ya bincika musu ko akwai na zamani mai kyau.

A kakar wannan shekarar ne aka yi wa Malam Daudu ɓarna. Dawarsa ta nuna, saura 'yan kwanaki a yanke, wasu makiyaya masu wucewa suka bar burtali suka bi ta cikin gonar. Abin da shanun ba su ci ba sun tattake. Makiyayan baƙi ne, ba wanda ya san su, amma sun yada zango kusa da rugar dangin Halliru, sai gari ya ɗauka cewa dangin nasa sun san su, sun kuma nuna musu hanyar gudu. Halliru ya je jaje. Malam Daudu ya ce, "Ba komai, Direba, haka Allah ya so." Amma bai yi dariya ba ranar, kuma Halliru ya fita da jin cewa akwai maganar da aka haɗiye. A kasuwa ma ya ji ana yanke hira idan ya iso. Ya fara jiran ranar da abokinsa zai faɗa masa abin da kowa yake faɗa a bayansa.

Mako uku bayan haka Malam Daudu ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce sabon fim ya iso, na zamani, kada ya makara.

Fim ɗin ya fara da kyau. Hoto garau, ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, shanu na gaske. Labarin wasu manoma ne da suka zauna a wani kwari, da wani attajiri mai garke da yake so ya ratsa da shanunsa ta cikin gonakinsu zuwa ruwa. Tun da Halliru ya gane inda labarin ya dosa ya daina jin daɗin kallon. Ya saci kallon Malam, ya ga shi allon yake kallo abinsa. Can aka nuno wata tsohuwa ta tsaya a bakin shingenta da ya karye, mahaya sun kewaye ta, tana magana tana nuna su da yatsa.

Malam Daudu ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ta ce, ku ba ku san wahalar shuka ba. Ku dai ku wuce, ku bar mutane da hawaye."

"Ku?" in ji Halliru.

"Haka ta ce."

"Ita ta ce ku, ko kai ka ce ku?"

Malam Daudu ya juyo ya dube shi. "Abin da ta faɗa na faɗa maka, Direba."

"Ta daɗe tana magana. Kai kuma ka tsinci wadda kake so ka jefe ni da ita. In kana da magana da ni a kan gonarka, ka faɗa mini da bakinka, ba sai ka aika Kano an kawo maka tsohuwar Baturiya ta faɗa maka ba."

Malam Daudu ya tsayar da faifan. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Zauna mu ƙarasa. Ba ka ga komai ba tukuna."

"Na ga abin da aka kira ni in gani. Ashe shekara ashirin juya mini magana kake yi yadda ka ga dama."

"To in ba ka yarda da bakina ba, sai ka nemi wani ya riƙa yi maka."

Da a nan aka tsaya, da wata Juma'ar ta gyara. Amma Halliru ya riga ya miƙe, yana saka takalmi, zuciya tana cin sa, sai ya waiwayo ya ce, "Da ma malamin firamare, Turancin nawa ya iya?"

Mairo tana tahowa da ƙwaryar fura ta ci karo da Halliru a bakin ƙofa, ta gaishe shi, bai amsa ba.

Shekara bakwai. Ba gaba suka yi irin ta ƙin sallama ba. Suna haɗuwa a masallaci, a jana'iza, a ɗaurin aure, su yi musabaha, "Ina gajiya, ya iyali," kowa ya kama gabansa. Sau ɗaya Malam Daudu ya aiko a gaya masa cewa zaure yana nan inda ya bar shi. Saƙon ya tarar Halliru yana shirin tafiya, ya ce idan ya dawo. Da ya dawo ya ga kwana ya ja, ya ce bari sai da salla. Salla ta zo ta wuce. Shi kansa ya san kalmar da ya faɗa a bakin ƙofa ba ta da kyau, kuma ita ce ta fi hana shi komawa, don bai san da wace fuska zai zauna mutumin ya sake buɗe baki ya fassara masa ba. A cikin shekarun ya ajiye tuƙi, ya koma zaman kara yana taya masu saye duba lafiyar dabba. Fim kuwa bai ƙara kallo ba.

A kara ɗin ya ji labari. Wani mahauci ne ya ce, "Ashe abokinka Malam Daudu ya faɗi? Hawan jini. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗansa ya ɗauke shi ya kai shi gidansa a Kazaure, kusa da asibiti."

Halliru ya koma gida ya ciro rigar da zai saka washegari. Da gari ya waye ya zauna a bakin gado da rigar a hannu. Ya je ya ce me? Bayan shekara bakwai ya shiga da lemo da ayaba kamar kowane ɗan dubiya? Sai wata dabara ta zo masa, ya kuma ji daɗinta ƙwarai: zai nemo fim ɗin kaboyi na zamani, mai kyau na gaske, ya kai masa. Ya saka, ya zauna, ya ce, "Malam, me ya ce?" Shi ke nan, ba sai an tono komai ba. Ya mayar da rigar cikin akwati.

Ya nufi rumfar Musaddiƙ mai turi a bakin kasuwa, wanda yake zuba wa mutane fina-finai a waya da memori. Musaddiƙ magidanci ne mai haƙuri, ya saurare shi har ya gama.

"Kaboyi, Baba? Rabon da a tambaye ni kaboyi har na manta. Akwai Indiya fassara, akwai na Koriya, akwai na Turkiyya mai dogon zango, akwai na Sin na faɗa."

"Kaboyi nake so. Sabo."

"To ba ni kwana biyu in tambayi mutanenmu na Kano."

Abin da ya fara samowa, akwai hula akwai bindiga, amma babu doki babu saniya, motoci ne suke ta bin juna a hamada. Halliru ya mayar. Na biyu akwai dawakai, sai dai tun kafin a yi nisa jini ya cika allo, ana yanka mutane kamar a mayanka. Ya ce ba zai kai wa marar lafiya wannan ba. Na uku ko minti goma bai yi ba ya zare memorin yana salati, don abin da aka nuno ba na kallo a gidan mutunci ba ne. Na huɗu an riga an yi masa fassarar Hausa, wani mai ƙaton murya yana ihu a kan maganar kowa, yana cusa barkwancin da ba ya cikin fim ɗin. Wannan ya fi ɓata masa rai, ya kashe. Har wani ɗan Nijar mai kawo raguna ya yi masa alkawari, ya kuwa cika, ya kawo masa ɗaya daga can. Fim ɗin ba laifi, amma da Faransanci suke magana.

Kowane gwaji yana cin mako ɗaya ko biyu. Idan matarsa ta ce, "Malam, har yanzu ba ka je ka duba abokin naka ba?" sai ya ce yana shiri. Kuma shi a ransa gani yake shirin yake yi. Wata huɗu suka wuce.

'Yarsa ta biyu, Nafisat, tana koyarwa a wata sakandare a Kazaure, can take aure. Ta zo gida wata Asabar ta same shi a tsakar gida da memori huɗu a kan tabarma. Da ta ji abin da yake nema ta ce, "Baffa, ai da ni ka tambaya." Ta ciro wayarta ta yi 'yan danne-danne, ta ce ga jerin sunaye nan, mutane sun rubuta waɗanda suka fi kyau a 'yan shekarun nan. Ta tambaye shi wane iri yake so.

Ya lissafa mata da yatsu. A samu shanu na gaske, ba na kwamfuta ba. A samu doki da wanda ya iya hawansa. Ban da rashin kunya. Harbi kaɗan ya isa. Kuma mutanen su zama masu magana kaɗan, yadda mai fassara zai samu numfashi.

"Mai fassara?" Ta ɗago ta dube shi, sai ta gane. Ta ce, "Baffa, Baba Malam jikin nan nasa ba daɗi. Na je sau biyu. Da ka je kawai."

"Zan je. Nuna mini tukuna."

Ta riƙa nuna masa gajerun tallan fina-finan ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. A na shida ko na bakwai ya riƙe hannunta. Karyayyen shinge ne, da tsohuwa tana nuna mahaya da yatsa.

"Wannan. Nemo mini shi gaba ɗaya."

Sai washegari da hantsi ya gama sauka a wayar. Suka zauna a inuwar darbejiya, ya sa ta kai shi daidai wurin tsohuwar. Ya ce ta faɗa masa abin da take cewa, kalma da kalma, kada ta rage komai. Nafisat ta saurara, ta mayar baya, ta sake saurara. Ta ce, "Baffa, zagi ne."

"Faɗi."

Ta sunkuyar da kai ta faɗa. Tsohuwar ta kira su ɓarayi 'ya'yan ɓarayi. Ta ce duk wanda ya tashi a bayan saniya ba shi da bambanci da ita. Ta ce da tana da iko da ta haɗa su da shanunsu ta cinna musu wuta. Maganar wahalar shuka da hawaye a ƙarshe ta zo, kuma ita kaɗai ce mai daɗin ji a cikin duka.

Halliru ya tuna ɗan jim ɗin da Malam Daudu ya yi kafin ya buɗe baki. Ashe tsallake masa ya yi. Ya zaɓi wadda ba za ta yi masa zafi ba ya ba shi.

"Ci gaba," ya ce.

Suka kalli sauran. Ashe fim ɗin ba na tsohuwar ba ne, ba kuma na attajirin ba. Na wani dattijon makiyayi ne a cikin mahayan, wanda shi yake jan garken. Da attajirin ya ba da umarni a sake bi ta gonakin, dattijon ya ƙi. Ya juya shanun ya bi da su wata doguwar hanya ta cikin duwatsu, kwana uku ba ruwan kirki, ya yi asarar wasu, aka kore shi daga aiki. A ƙarshe an nuno shi a ƙasa, ba doki, yana taya tsohuwar ɗaure shingenta, ita kuma ko kallonsa ba ta yi, amma ta ajiye masa ruwa a kan dutse.

Nafisat ta kashe wayar. Mahaifinta ya ce ta jira shi ya sa riga, tare za su koma Kazaure.

Da azahar suka isa. Mairo ce ta fito, ta tsufa fiye da yadda ya zata. Ta dube shi ta ce, "Malam Halliru, yau kai ne?" Ta yi masa jagora zuwa ɗakin.

Malam Daudu yana jingine da matasai, ƙibar nan duk ta zube, bakinsa ya karkace gefe guda. Idonsa dai yana nan. Da ya ga mai shigowa idon ya buɗe, ya yi yunƙurin tashi, jikin ya ƙi. Halliru ya durƙusa a gaban gadon. Duk abin da ya tsara a mota ya gudu.

"Malam, ni ne. Na zo. Na kalli fim ɗin nan har ƙarshe. Na ji abin da tsohuwar ta ce. Malam, na zalunce ka. Maganar da na faɗa maka a bakin ƙofa, ƙarya na yi, ni ma na san ƙarya ce tun ranar. Ka yafe mini don Allah."

Bakin Malam Daudu ya motsa. Wani sauti ya fito, ba kalma ba. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, sautin dai shi ne. Sai ya miƙo hannun hagu, mai lafiyar, ya kama hannun Halliru ya riƙe gam.

Halliru ya waiwaya ya dubi Mairo.

"Ai bakin ya tafi," ta ce a hankali. "Faɗuwar farko ba ta taɓa maganar sosai ba, yana yi a hankali ana ganewa. Wata uku yana magana. Yau kwana ashirin da ya sake faɗuwa, shi ne ta ɗauke gaba ɗaya."

"Yana magana," in ji Halliru.

"Yana yi. Duk wanda ya zo daga Babura sai ya tambaye shi, Direba yana gari kuwa? Su ce kana nan. Sai ya ce to, wataƙila bayan ne ya matsa masa."

Da suka fito tsakar gida Mairo ta kawo masa ruwa, ya kasa sha. Ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Fim ɗin nan da kuka ɓata a kansa, sai da ya kalle shi shi kaɗai sau biyu kafin ya kira ka. Ya shigo yana murna ya ce mini, Mairo, akwai wani tsoho a ciki, Halliru ne sak. Ya ce mutanen gari suna ta surutu a kan gonar nan, shi kuma bai iya zama ya ce maka bai zarge ka ba, kunya yake ji. Ya ce in ka ga tsohon za ka gane."

Halliru ya rufe fuska da hannun riga. Nafisat ta tashi ta ba su wuri.

Juma'ar da ta biyo ya dawo, da wani fim da Nafisat ta zaɓo daga jerin nan, mai shanu da dawakai, ba abin kunya a ciki. Ɗan Malam ya haɗa musu a talabijin ɗin falo, aka turo Malam a keken marasa lafiya. Da farko idonsa ya yi haske. Amma da mutanen fim suka fara magana, sai bakinsa ya fara motsi. Yana jin abin da suke cewa sarai, yana juyowa wajen Halliru, yana ƙoƙari, sautin nan yana fita. Gumi ya keto masa. Hawaye ya bi ta gefen bakin da ya karkace. Mairo ta leƙo ta ce don Allah a kashe, Halliru kuwa ya riga ta kai hannu.

Bai sake kawo fim ba. Amma bai fasa zuwa ba. Duk Juma'a da safe yakan hau motar Kazaure, ya yi salla a can, ya wuce gidan. Ya yanke wa Malam farce, ya gyara masa gemu, ya juya shi idan ya gaji da kwanciya a gefe ɗaya. Ya ba shi labarin kara, wa ya sayi saniya mai ciwon ƙafa bai sani ba, wa ya aurar da 'ya, ina ruwa ya sauka ina bai sauka ba. Shi da ba mai yawan magana ba ne, ya koyi yin hira shi kaɗai. Wani lokaci Malam ya yi wani abu mai kama da dariya. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar labari, Halliru ya zauna yana kora masa ƙuda har la'asar.

Wata biyar aka yi a haka. Ranar wata Talata cikin damina Nafisat ta bugo waya da safe ta ce Baba Malam ya cika. A Babura aka yi jana'izar, Halliru yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari.

Bayan sadakar uku Nafisat ta zo yi wa mahaifinta sallama za ta koma. Ta same shi zaune a tsakar gida, ya rame, carbi a hannu amma ba ja yake yi ba. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baffa, ka daina damun kanka haka. Ya yafe maka. Ai a gabana ya riƙe hannunka."

"Ya riƙe," in ji Halliru.

"To ai shi ke nan."

"Na san ya yafe, Nafisatu. Mutumin kirki ne, tun kafin in roƙa ya yafe." Ya juya carbin a hannunsa. "Wata uku yana da baki yana tambayata. Ni kuma ina rumfar Musaddiƙ ina zaɓen fim."

Sai mai babur ɗin da zai kai ta tasha ya yi hon a waje. Ya ce ta tashi kada ta rasa mota, ta gaida maigidanta da yara, ta kuma riƙa leƙa Mairo idan ta koma Kazaure, don gidan zai yi mata faɗi.